Abin da Na Yi da Rumbun Babanki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Daga uwarki Dije zuwa ga ɗiyata Uwani. Gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah shi sa takardar nan ta buɗu a gabanki kina cikin lafiya, kun sauka lami lafiya ku da dabbobinku, babu wanda ko ƙaya ta soka a hanya. Allah shi sa sabon wurin ya karɓe ku.

Ni ke faɗa, kawunki Malam Abdu ke rubutawa a zaurensa. Ke kuwa kina can cikin gida kina ɗaurin kaya, ba ki san abin da ya fito da ni ba. Jibi za ku kama hanyar Sanam, ku wuce ta har sabuwar tungar da mijinki da 'yan'uwansa suka sari daji. Zan tura takardar a ƙasan ƙoranki, sai kin sauka za ki gan ta. Na san mijinki ne zai karanta miki, tunda shi ya yi allo. To, shi ji. Kunyar suruki na ajiye ta na yau ɗaya, don abin da zan faɗa ba zan iya faɗinsa ina kallon idonki ba.

Ki fara sani dai hankalina kwance yake. Tun da aka ce za ku tashi nake tsoron a ce kudu za ku yi, inda samari ke kwarara yanzu suna bar wa tsofaffi gona. Da na ji ƙasar noma za ku nema, sai na yi hamdala. Ga shi bana kaka ta yi kyau, rumbuna sun cika har an rasa inda za a zuba wake, ba za ku tafi hannu banza ba. Na manta rabon da in ja numfashi ya sauka har ciki irin na kwanakin nan. Shi ya sa bakina ya buɗe.

Kin taso kin tarar da ni mai tsince ƙwayar geron da ta faɗi a gindin turmi, har kina yi mini dariya. Ba haka nake ba da. Ni 'yar kasuwa ce. Ubana fataucin kanwa da gishiri yake yi, gidanmu yana bayan kasuwar Filinge. Ina yarinya Nasara suka zo suka kafa barikinsu, muna hawa katanga muna leƙen dawakansu. A gidanmu ba a noma. Hatsi a wurina abu ne da ake aunowa kasuwa, in ya ƙare a koma a sake aunowa. Da wannan wayon aka kawo ni gidan babanki.

Kakarki, uwar babanki, wadda kika ci sunanta, tana da gamanarta a bayan gari, 'yar gonarta ta kanta. Komai akwai a ciki, a cakuɗe: wake, yakuwa, kuɓewa, guna, da wani gero ƙarami wanda kansa bai fi taƙi ɗaya ba. Ita gajere take ce masa. Kafin a yi girbi sai ta bi gonar ita kaɗai tana zaɓen zangarniya, ta sussuka, ta gauraya da toka, ta zuba a tukunya ta liƙe bakin da laka. Abin da ya fi ba ni haushi, duk wanda ya zo wucewa sai ta ɗebar masa tafi guda, ko ta san shi ko ba ta san shi ba. Wata rana ina riƙe mata tukunyar na ce, "Inna, wannan abin da ko dami ba ya cikawa, mi ya sa kike wahala da shi?"

Ta ce, "Shi ke fara ba mu abinci kafin sauran su yi ciki. Ke dai riƙe da kyau, kina karkata ta."

Na riƙe, amma a raina na ce tsufa ne.

Da Allah ya yi mata rasuwa, sai maganata ta yi ƙarfi a gidan. Lokacin bariki na shan gero ba kaɗan ba, ga soja ga dawakai, 'yan kasuwa suna bin ƙauyuka suna saye. Su kuwa zongo suke so, dogon geron nan mai nauyin dami, wanda ke jinkirin nuna. Na sa babanki gaba, safe da yamma, a kan mu shuka zongo ko'ina, har da gamanar da aka bar mini. Ya ce, "Tsohuwa ba ta taɓa yin haka ba." Na ce, "Tsohuwa ba ta san abin da ake nema a Filinge ba, ni na sani." Ya bi. Tukunyar irin nan kuwa na fasa bakinta, na wanke tokar, na dama fura da shi. Ko daɗi bai yi mini ba.

Shekara biyu muna cin riba, ina tafiya rijiya kaina a sama. Kowa na cewa babanki ya auro mai wayo.

Uwani, kada ki zuba gonarki duka ga iri ɗaya, komai kyansa. Can arewa inda za ku, ruwa ya fi nan saurin ɗaukewa. Na sa miki gajere a gora cikin kayanki, da wake iri biyu, da yakuwa. Shuka zongo ba laifi ba ne, amma gajere shi fara shiga ƙasa. Kuma ki zaɓi irinki da hannunki tun gero na tsaye a gona, kada ki bari sai an tara a masussuka.

Shekara ta uku ce wadda duk mutumin ƙasarmu ta Kurfai ke tunawa, ba sai na faɗi yadda ake kiranta ba. Farkon daminar ba ta nuna komai ba. Gero ya yi baƙi ƙirin don kyau, ya kai ƙirjin namiji. A tsakiyar hakan gardi, dogarawan Nasara, suka zo daga bariki neman masu ɗaukar kaya zuwa Yamai, aka tafi da maza shida na garinmu, har da babanki. Ke kina da shekara huɗu. Ya bar mana rumbu biyu: ƙarami wanda muke ci, da babba wanda ke cike da hatsin bara, an liƙe shi, ba a taɓawa.

Kwana kaɗan bayan tafiyarsa wasu fatake suka sauka gindin gawon bakin gari da jakuna. Sun zo da zanen turkuɗi mai sheƙi, da farin yadin alawayyo, da tasoshi irin waɗanda na gani a gidajen manyan Filinge. Hatsi suke nema. Na tafi na shafa turkuɗin na dawo, na sake komawa na shafa. Sai na fita bayan gari na dubi gona. Na ce a raina, wannan geron ai ya riga ya zo, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a fara girbi, mi za a yi da tsohon hatsi in sabo ya shigo? Ke kin san mace ba ta leƙa babban rumbu. Ni da kaina na jingina itace na hau, na ɗaga murfin, na yi ta jefo damma ƙasa har sai da na ga daɓen. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta tsaya bakin darni tana kallona. Ta ce, "Dije, mai gidan ya sani?" Na ce mata shi ya bar mini sallahu. Ƙarya nake yi.

Ruwan da aka yi kwana uku bayan nan, shi ne na ƙarshe. Gero yana fid da kai ruwa ya ɗauke. Kullum sai hadari ya taso gabas, mu fito mu tsaya, iska ta watsa shi. Zongon ya tsaya da dogayen kawuna babu ƙwaya a ciki, in kika murza sai ƙaiƙayi. Waɗanda suka shuka geron da ke nuna da wuri sun sami ɗan abin da suka samu. Mu ko dami goma ba mu ɗaure ba.

Babanki ya dawo ƙafafunsa a kumbure. Ya ga gona tun daga hanya, ya shigo yana cewa, "Alhamdu lillahi da akwai na bara." Ya sha ruwa, ya tashi ya hau rumbun. Ina tsaye da ke a bayana. Ya daɗe kansa na ciki. Da ya sauko sai ya ce, "Ina yake?" Na shiga ɗaki na ɗauko turkuɗin da tasa biyu na ajiye gabansa. Ya dube su, ya dube ki, ya tafi masallaci.

Kada ki buɗe tsohon rumbu don kin ga gona ta yi kore. Geron da ke tsaye ba naki ba ne tukuna. Sai an yanke, an ɗaure, an ɗora, an liƙe. In za ki sayar, ki sayar da rarar da ta rage bayan kin ajiye na shekara guda cur a gefe. Masu saye za su ce miki gobe ba za su dawo ba. Za su dawo.

Tsaya. Yanzun nan babanki ya shigo zauren neman kawunki, ya tarar da mu. Ya tambaya mi ake rubutawa, kawunki kuma da bakinsa ba ya riƙe magana ya karanta masa tun daga farko. Na sunkuyar da kai. Da aka gama ya ce, "Malam, ƙara wannan, ka ce ni na faɗa. Ba ita ta riƙe sungumi ba. Ni na shuka zongon nan da hannuna, kuma na ji daɗin shekara biyun nan kamar yadda ta ji. Rumbu kuwa, da na zaunar da ita na gaya mata abin da ke ciki da abin da aka ajiye shi dominsa, da ba ta hau ba. Abin da na ce mata kawai, mace ba ta leƙawa. Ka gaya wa yaron nan, mijin Uwani, matarsa ta san abin da ke cikin rumbunsa." Ya saka takalmansa ya fita. Kawunki ya rubuta, yana ta murmushi. Ni kuwa sai da na nemi ruwa na sha kafin in iya ci gaba. Shekara goma sha shida ina zaton ni kaɗai ke ɗauke da abin nan.

To, mu koma. Kafin sanyi ya wuce ƙaramin rumbun ya ƙare. Turkuɗin da na ba da rumbu guda a kansa, na kai shi Filinge, abin da aka ba ni bai kai mu kwana goma ba. Babanki ya ɗauki jakinmu ya yi kudu, ƙasar Zabarmawa, ya ce zai sayar da ƙarfinsa ya samo mana hatsi. Kafin ya tafi ya rataye 'yan zangarniyoyin da ya zaɓa na iri a rufin ɗaki, ya ce, "Wannan ko mi ya faru, ba na ci ba ne." Na ce to.

Na riƙe alkawarin wata biyu. Sannan wata rana kina kuka, na ciro guda ɗaya na ce guda ba za ta rage komai ba. Washegari na ciro biyu. Ban taɓa yanke shawarar cinye irin ba, kullum kaɗan nake cirowa, har ranar da na ɗaga kai na ga igiya kaɗai ke lilo.

Iri ba ya kwana inda mai jin yunwa ke kwana, ɗiyata. Ki nisanta shi da idonki. Ki raba shi, wani a wurinki, wani a gidan da kika yarda da shi.

Lokacin nan matan gari sun bazu daji suna tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci. Kin san ta yanzu, kin ci dilonta, dafaffiyar ƙwayar, tun kina ƙarama, amma ni a lokacin ban taɓa sa ta a baki ba. A Filinge abincin waɗanda ba su da komai muke ce mata. Na bi su daga nesa na tsinko, na ga suna shanyawa, suna fasawa, suna jiƙa ƙwayar a ruwa. Ban tambayi kowa kwana nawa ake jiƙawa ba. Ni da na yi shekara biyu ina yi musu kallon ƙauyawa, yaya zan durƙusa in ce ku koya mini? Na jiƙa kwana ɗaya, na dafa. Na ji ɗaci, na ce haka take. Na danne na ci, na lallashe ki kika ci.

Kafin azahar kin fara amai, sannan zawo. Kafin la'asar wuyanki ba ya ɗaukar kanki. Ni ma cikina na murɗawa, amma ban kula ba. Na goye ki na fita ina neman mai nono, gida gida, babu. Shanun gari an kora su kudu, awaki an yanka. Wata ta ce mini, "Akuya mai nono ɗaya ta rage a garin nan, tana wurin Tamu."

Sai na tsaya cik a tsakiyar hanya. Tamu wata Buzuwa ce da ta taso daga wajen Bonkuku bayan zuwan Nasara, lokacin da bayi da yawa suka bar iyayengijinsu. Ta yi bukka a gefen gari ita da awakinta. Kakarki takan je su zauna su yi hira. Ni kuwa a shekarun ƙoshin nan, akuyarta ta taɓa shigar mini gona, na tare ta bakin rijiya gaban mata na wanke ta tas. Na ce mata mai cin ganyen daji, na ce ta koma inda aka saye ta. Ta ɗauki tulunta ta tafi. Tun daga nan ko gaisawa ba mu yi.

Na isa bukkar na tarar tana zaune tana fasa anza a kan dutse. Ta dube ni, ta leƙa bayana.

"Sauke ta," in ji ta.

Na sauke ki. Ta buɗe idonki da yatsa, ta shinshina bakinki.

"Kwana nawa kika jiƙa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya! Wa ya ce miki ɗaya?"

"Ban tambaya ba."

Sai ta ce, "Hura wutar can. Kuka ba aiki ba ne."

Ta tatso akuyar, abin da ya fito bai cika ludayi biyu ba. Ta tafasa ruwa ta sirka, ta ɗora ki a cinyarta tana ɗiga miki kaɗan kaɗan. Kika amayar, ta jira, ta sake. Kwana uku muna bukkar nan, duk nonon da akuyar ta bayar cikinki ya tafi, ita Tamu ba ta ɗanɗana ba. A rana ta uku da hantsi kika buɗe ido kika ce kina son fura. Tamu ta yi dariya ta ce, "Wannan 'yar Filinge ce kamar uwarta." Ni kuwa na kifa kai a ƙasa na yi kukan da ta hana ni.

Da na natsu na ce, "Tamu, abin da na faɗa miki bakin rijiya..." Ta katse ni. "Na ji shi ranar, ba sai kin maimaita ba. Ɗauko ƙwaryar can in nuna miki."

Ita ta koya mini. A shanya har ta bushe, a fasa, a fece ɓawon. A jiƙa, ruwan farko da toka, a riƙa sauya ruwan safe da yamma, kwana da kwanaki, har sai kin tauna ƙwaya ɗaya kin ji babu ɗaci ko kaɗan a bayan harshe. Harshenki za ki bi, kada ki bi ƙirgen kwana. Ruwan da kika zubar kada dabba ta sha. Ta nuna mini yadda ake karkaɗo karangiya a sussuka ta ba tare da ta cinye hannu ba, da ganyen jiga, da yaɗiya, da wanda ake tafasawa sau biyu a zubar da ruwan. Da waɗannan muka kai damina, ni da ke da ita, a tukunya ɗaya.

Don haka in kin sauka, kada ki jira yunwa ta koya miki dajinku. Tun kina ƙoshe ki bi matan da suka riga ki zama can, Buzaye ne ko Fulani ko su wane ne, ki ce su nuna miki abin da ake ci da yadda ake gyara shi. Ki ce ban sani ba da bakinki. Kalmar nan ba ta kashe kowa, ni kuwa rashin faɗinta ya kusa raba ni da ke. Kuma ki kiyaye harshenki a bakin rijiya.

Babanki ya dawo ana gab da ruwan farko, ba jaki, da rabin taikin dawa a kansa. Dawar kudu ce, ta ci kawai, ba ta nuna a rairayinmu. Ya shiga ɗaki ya ɗaga kai. Wannan karon ban jira ya tambaya ba, na gaya masa. Ya ce ai ya ga yadda mutane suka yi a hanya, tunda ya tarar da mu da rai ya gode Allah. Amma da ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa tana ƙamshi, muka zauna ƙofar ɗaki muna kallonta ba abin da za mu sa mata. Rabin gidajen gari haka suke.

Da safen nan sai ga Tamu ta shigo da wani gora duk ƙasa a jikinsa. Ta zauna, ta cire toshin, ta zuba kaɗan a tafin babanki. Ya hure tokar, ya kai kusa da ido.

"Wannan ai gajeren Tsohuwa ne."

"Shi ne," in ji Tamu. "Tafi biyu ta ba ni shekarar da na zo garin nan. Kowace damina ina shuka shi bayan bukka."

Na ce, "Duk wahalar nan da muka sha tare, yana nan ba ki ci ba?"

Ta ce, "Na binne shi da zurfi tun ina da ƙarfi. Duk ranar da zuciyata ta ce in tono, sai in tarar ba ni da ƙarfin tonowa."

Ba mu kaɗai ta ba ba. Gida huɗu ta raba wa, ta ce sharaɗinta ɗaya ne: in an girbe, kowane gida ya kai zaɓaɓɓun kawuna gida biyu da ba nasa ba. Muka shuka ƙwaya uku uku a rami, muna tafiya a hankali kada ɗaya ta faɗi banza. Bai cika ko rabin gona ba, sauran muka cike da wake da aka samo. Wata biyu da 'yan kwanaki, sauran gonakin gari ba su ko fid da kai ba, babanki ya shigo da kawuna biyar a hannu. Na gasa tumu. Kika fizge guda tun da zafinsa, ya ƙona miki baki, kina kuka kina ci, kin ƙi saki. Babanki ya yi dariya har da hawaye. Ranar ce na san mun fita.

Daga kakar nan ne aka fara abin da kika taso kika gani kamar tun asali haka ake yi: kai iri gidajen juna, da rumbun nan na gindin gawo wanda kowane gida ke zuba dami a ciki, ba a buɗe shi sai dattawa uku sun taru. Ba wani mai mulki ya ce a yi ba. Mutanen da suka ga abin da suka gani ne suka zauna suka shirya. Ku ma ku fara tun kakarku ta farko, tun kuna gida biyar, tun ba a fara jin nauyin juna ba. Ko dami ɗaya ɗaya ne.

Saura guda, ƙarama ce amma ita ma tawa ce. Bayan mun fita sai tsoro ya mayar da ni marowaciya. Na sussuke hatsi na ɓoye a rami cikin ɗaki, ban gaya wa kowa ba. Matar ƙanin babanki ta zo neman abin da za ta dama wa mai jego, na ce mata babu. Da na buɗe ramin bayan damina, gara ta shiga, danshi ya gama da sauran, ko kaji sun ƙi ci. Na kwashe na zubar a ɓoye, kunya kamar ta kashe ni. Hatsi a zangarniyarsa ake ajiye shi, a rumbun da aka ɗaga daga ƙasa, a ci tsoho a sa sabo. Wanda kuwa ya zo ƙofarki da ƙwarya, ki zuba masa ko kaɗan ne. Ajiya daban, rowa daban. Na daɗe kafin in rarrabe su.

Kawunki ya ce in ce miki kada mijinki ya sare gawo in ya tarar a gona, kuma in Fulani sun nemi sauka a kan kararku bayan girbi a bar su, takinsu ya fi abin da shanun za su ci. Na ce masa wasiƙata ce ba tasa ba, amma gaskiya ya faɗa, ya rubuta.

Ban faɗi waɗannan don ki ji tsoron wurin da za ki ba. Na ga yadda kike aiki, kin fi ni hankali lokacin da nake shekarunki, nesa ba kusa ba. Za ki yi naki kuskuren, kowa na yi. Ina so dai kada ya zama irin nawa, tunda nawa an riga an sha wahalarsa.

In kin sami mai zuwa kasuwar Filinge, kada ki aiko mini da tsaraba. Ki aiko mini da sunan matar da bukkarta ta fi kusa da taki, ki gaya mini mi kika ci a gidanta, mi ta ci a naki. Ranar da saƙon nan ya iso ni, zan daina fita bayan gari ina duban arewa.

Allah shi kiyaye hanyarku, shi tsare ku daga sharrin daji da na mutum. Allah shi sa rijiyarku ta yi ruwa kusa, daminarku ta cika, shi ba ku maƙwabta na gari, ku ma shi sa ku zame musu na gari. Allah shi yi miki albarka, Uwani, albarkar da ba ta yankewa. Babanki na gaishe ku, kawunki na gaishe ku. Na yafe miki duk abin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Ke ma ki yafe mini.

Wassalamu. Uwarki, Dije.